Furen Da Na Zana A Kan Ƙurjin Amarya

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana. A shekarun da zan ba da labari, ni mai ƙunshi ce a wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau. Aurena ya mutu, na dawo gidan mahaifina da ɗiya ɗaya, lalle ne ke ciyar da mu. Amaren unguwarmu duk ni ke yi musu, amma babban burina shi ne in samu shiga gidajen manya, inda idan aikinki ya yi kyau sau ɗaya, bakin mata zai yi miki talla har ki gaji. Ana nan cikin damina sai wata Hajiya ta aiko mota daga GRA, ta ce in zo in yi wa ɗiyarta ƙunshin aure. Tun a mota nake ta murna.

Amaryar yarinya ce mai fara'a, ta gama karatun koyarwa, tana ta zolayar ƙawayenta. Na gama hannuwa, na ɗora ƙafarta ta hagu a cinyata, sai na ga wani ƙurji a saman idon sawu. Ya kumbura, fatar wurin tana sheƙi, bakinsa na tsattsafo da ruwa rawaya-rawaya. Da na taɓa, zafinsa ya fi na sauran ƙafar nesa. Ta ce ta je Batagarawa gaida kakarta, wani ƙwaro ya cije ta a tsakar gida, ta yi ta susa har ya fashe. Sai ta rage murya ta ce, "Anti, ko in nuna wa Mama? Tun jiya yake yi mani zogi." Na san da Hajiya ta gani za ta ce a bar ƙafar, ko a ɗaga ƙunshin, ni kuwa a ƙafa gwanintata take. Na yi dariya na ce mata cizon sauro ne kawai, kada ta tayar wa mahaifiyarta hankali ana tsakiyar hidima, lalle ma ai magani ne.

Na shafa mata jan lalle a tafin ƙafa, na ɗaure da leda na tsawon sa'o'i, ledar ta haɗa har da ƙurjin. Da aka kwance aka wanke, na zana baƙi tun daga yatsu har tsakiyar ƙwauri. Daidai kan ƙurjin na yi wani babban fure, na cike shi da baƙi mai kauri don kada hoto ya nuna. Tana cije leɓe ina ce mata ta daure, kwalliya ce. Da na gama, mata suka yi ta ɗaukar hoto, kowa furen nan yake yabo. Mutum uku suka karɓi lambata a wurin.

Washegari wurin kamu na hango amaryar tana ɗingishi, ƙawayenta na cewa sabon takalmi ne. Na kau da kai. Daga baya na ji zazzaɓi ya rufe ta, aka sayo maganin zazzaɓin sauro a kemis aka ba ta. Ranar ɗaurin aure da hantsi, maza na masallaci, ta tashi za ta shiga wanka ta yanke jiki ta faɗi. Ƙanwar Hajiya ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce likita ya yi ta faɗa a asibiti, don ya so ya ga iyakar inda ciwon ya kai a fata, baƙin lalle ya rufe komai. Ya ce musu ba dafin ƙwaron ba ne, ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta inda farce ya yaga fata, suka bazu a ƙarƙashinta har suka kai jini. Ya ce da an zo tun kwana biyu da suka wuce, da wataƙila ƙwayar magani ta wadatar. Sau biyu aka shiga da ita tiyata ana yanke naman da ya mutu, daga baya aka ɗebo fata daga cinyarta aka liƙa. Ta fi wata guda a kwance, ɗakinta na jere babu mai shiga.

Na je dubiya sau ɗaya. Hajiya ta tare ni a baranda, ta rame, ta riƙe hannuna tana godiya. Sai ta ce, "Baiwar Allah, ke da kika riƙe ƙafar nan, ba ki lura da komai ba?" Na ce mata wallahi ban ga komai ba. Rantsuwar nan ta fita daga bakina kafin in yi tunani. Ƙofar ɗakin a buɗe take, amaryar na kwance idonta biyu, kuma na tabbata ta ji. Ba ta tona mini asiri ba, ranar ko bayanta.

Na samu abin da nake nema. Gidajen GRA sun buɗe mini, har yanzu wasu da hoton furen nan suke zuwa su ce irinsa suke so. Ban sake iya zana shi ba. Duk ƙafar da aka ɗora mini a cinya sai na ji tafin hannuna ya ɗauki zafi, sai na bi ta da yatsa ina lalube, har wasu na tambaya ko lafiya. Na yi istigfari, na yi kaffarar rantsuwa, amma nauyin bai sauka ba.

Bara amaryar nan ta zo gidana da kanta za ta je suna, da goyo a bayanta. Tana jan ƙafar kaɗan, sanye da safa cikin zafin bazara. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi ɗiyata, ta zauna ta miƙo tafukanta ta ce, "Hannu kawai, Anti." Na yi mata, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Na buɗe baki sau uku in roƙi gafara, na kasa. Ta jira ya bushe, ta yi godiya ta tafi. Har yau ban sani ba ko yafiya ta kawo mini ko tuni.

Shi ya sa na rubuto. 'Yan uwana masu ƙunshi, da iyaye mata, idan cizon ƙwaro ya kwana biyu yana ƙara kumburi, yana zafi, yana zogi ko fitar da ruwa, ya wuce a kira shi cizo. Kada a rufe shi da lalle ko leda, a wanke da sabulu a tafi asibiti, musamman in zazzaɓi ya shigo. Kuma idan yarinya ta ce za ta nuna wa uwarta ciwo, kada wanda ya hana ta. Ni na hana, don hoto ya yi kyau. Gobe in Allah ya kai mu zan je gidan Hajiya in faɗa mata abin da na gani a ƙafar ɗiyarta. Ku sa ni a addu'a kada in juyo daga bakin ƙofa.