Karamcin da na yi wa baƙon cikin ordinatar

Ku da kuka shigo aiki bayana, in an ba ku labarin nan kada ku wahala neman wawan cikinsa, ga ni. Ranar ba ta fita raina ba har yau.

Lokacin ina sakatare a biron kiwo na Belbeji. Karatuna a aji shida ya tsaya, amma ni ke buga takardar lafiyar dabbobi, wadda in babu ita kamyo, babbar motar kaya, ba ya wuce shingen jandarma. Da aka kawo mana sabon ordinatar, wato kwamfuta, sai tsohon shirin buga takardar ya ƙi zama da shi. Aka turo Madam Rakiya daga Damagaram, ta dasa tsohon sistem a cikin sabon, su biyu suna aiki lokaci guda, tsohon yana leƙowa ta wata 'yar taga.

Ta ce, "Baba Ila, babban shi ne mai gida, na cikin tagar baƙo ne. Ƙarfin inji kamar tuwo ne a akushi ɗaya, na yanka wa baƙo rabonsa." Ta nuna mini wani layi mai kore da ja, da ɗan maɓallin da ake ja a kansa. "Nan kada ka taɓa."

Na ce to. Amma na ga rabon baƙon nan, ko rubu'i bai kai ba. A ƙasarmu ta Damargu, a yi wa baƙo wannan rowa!

Ana saura kwanaki Layya, ranar kasuwa, Alhaji Sanda dillali ya loda raguna cike da kamyo, ya tsaya a kaina yana jiran takarda. Rana ta take, raguna na haki, baƙo kuwa sai jan ƙafa yake. Na yi nazari irin na manya, na gane yunwa ce. Na kashe shi, na ja maɓallin har ƙuryar ja, na sake tada shi.

Komai ya sandare. Mai gida shiru, baƙo shiru, ɗan ɓeran da ake turawa ma ya ƙi motsi.

"Malam, lafiya?"

"Suna gaisawa ne, Alhaji."

Har azahar suna gaisawa. Direba ya leƙo ya ce rago guda ya kwanta a ƙarƙashin 'yan'uwansa, sai da aka sauke rabin lodin aka ba su ruwa. Dole na kira Madam, na sa waya a amsa-kuwwa, Alhaji yana ji.

Ta ce, "Baba, ka juye wa baƙo akushin duka. Mai gidan da zai riƙe ɗakin me zai ci? In ya faɗi, da baƙon za su faɗi."

Ta sa na danne makunni har injin ya mutu, na tada shi, na mai da maɓallin cikin kore. Takarda ta fito, ragon ma ya tashi, sai dai kamyo bai bar gari ba sai la'asar.

Ina buga hatimi na gyara murya, don a rage mini kunya, na ce, "Ai mu tarbiyyarmu ke nan, Alhaji. Baƙonka annabinka."

Ya karɓe takardarsa ya ninke, ya ce, "Tun gemunka na baƙi nake zuwa biron nan, ko ruwan randa ba ka taɓa miƙo mini ba. Ashe sai na shiga inji za ka san ni baƙo ne."