Labulen Tekun Babanmu

Babanmu mai hoto ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya raina hoto kamarsa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, har mutanen layin suka koma kiransa Tsaya-Cak, don abin da yake ce wa duk wanda ya zauna gaban kyamararsa ke nan. Ya yi zamanin fim da ɗakin duhu, lokacin da ake goge ƙurji da bakin fensir. Da kwamfuta ta zo ya koya yana tsaki, ya kuma ƙware har ya fi waɗanda suka koya masa. Ya rage wa mutane tumbi, ya ƙara wa wasu gashi, ya taɓa cire wani miji daga hoto ya dasa tukunyar fure a gurbinsa. Shi ya sa idan ka nuna masa hoto ba ya tambayar wane ne a ciki, sai dai ya tambaye ka wa ya taɓa shi.

A bangon shagon akwai labule mai zanen teku: ruwa shuɗi, farin yashi, bishiyar kwakwa a ranƙwafe, da ɗan kwalekwale can nesa. Rabin unguwarmu sun je bakin teku a gaban labulen nan ba tare da sun jiƙa ƙafa ba. Mama ce ke wanke shi, ita ke goge shi. Da ɓera ya ci sararin samaniyarsa ta gefen hagu, ita ta yi masa faci da ƙyallen tsohon mayafinta, kuma shuɗin bai zo daidai ba. Takan ce wata rana sai ta ga na gaske. Baba kan ce na gasken ma ruwa ne da gishiri.

A shekarar da ya ajiye aiki, ni na raka Mama wajen likitan ido. Likitan ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Ya ƙara da cewa idan akwai abin da take son gani, kada a bari sai baɗi. A mota ta riƙe hannuna ta sa na yi alkawarin ba zan gaya wa Baba ba. Ta ce zai zargi likitan da neman sayar da magani, ya ja ta asibiti bakwai, ɗan ragowar ganin ya ƙare a bin layi. Yayana kaɗai na gaya wa. Muka yanke cewa da an ba 'ya'yansa hutun makaranta, nan da mako shida, za mu kwashi gidan gaba ɗaya mu kai Mama bakin teku. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya ba mu zaɓin tsibirai uku. Kuskurenmu ɗaya: don girmamawa muka ce Baba ya zaɓa.

Da fari ya ƙi kallonsu a waya. Ya ce a waya kowa kyakkyawa ne. Sai da aka wanko masa hotunan a takarda, ya baje su a teburin falo, ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma. Tsibirin farko bai yi minti biyar a hannunsa ba. Ya nuna mana bishiyoyin kwakwa biyu, kowace da karyayyen reshe a wuri ɗaya, ya ce ko tagwayen mutane ba sa karya hannu iri ɗaya. A na biyu inuwar lema ta yi dama, inuwar kujera ta yi hagu, ya ce shi ba zai kai iyalinsa ƙasa mai rana biyu ba. Na uku kuwa yashi ne fes, babu sawun kowa, ga kofi da ƙanƙara a kan tebur. Ya ce a tambayo masa ko tsuntsu ne ya kai kofin.

Da ya gama da hotuna sai ya juyo kanmu. Gaggawar me muke yi? Mutanen da ba su taɓa kai shi ko bakin rafi ba, yau su ne da jirgin sama? Ya fara zargin muna so mu yi nesa da shi ne a kwashe kayan shagonsa a zubar, sai ya canja kwaɗon shagon. Ya zargi matar Yaya da cewa tana da ɗan'uwa a kamfanin. Ni kuma ya tsare ni a bakin ƙofa yana tambaya, wai Auta, ko akwai wani saurayi da aka ɓoye a tsibirin ne.

Haushinsa ya ishe ni, ba zan ɓoye ba. Ga mutum yana ganin karyayyen reshe da bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma bai ga matarsa tana bin bango da yatsu ba. Bai ga tana sa ɗan yatsa a bakin kofi idan za ta zuba masa shayi ba. Ita ma Mama ta iya ɓoyo. Ta haddace takun gidan, ta ce ɗinki ne ya gundure ta, ta daina motsa komai daga mazauninsa. Mako uku suka tafi a haka. Mai kamfanin ya kira ya ce kujerun jirgi na ƙarewa.

Ranar wata Asabar da la'asar Baba ya tara mu a falo. Hotuna huɗu ne a tebur maimakon uku. Ya ce yau zai nuna mana cewa ba mu san ƙarya da gaskiya ba, kowa ya zaɓi wanda ya fi kama da wurin gaske. Na huɗun labulen shago ne, ya ɗauke shi hoto da kyau ya yanke gefunan. Yaya na kallo ya fashe da dariya, Baba ya harare shi, Yaya ya haɗiye dariyar. Ni ma na gane, ai facin nan ko daga bakin ƙofa ka hango shi. Tarkon ya ƙi kama kowa, sai Baba ya ɗaga murya ya kira Mama daga kicin.

Ta zo tana goge hannu. Ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya tana kai su kusa da fuska, kamar mai shinshina turare. Ta daɗe a kan na huɗu.

"Wannan ya fi haske," in ji ta. "Mu je nan, Maigida."

Baba ya tafa hannu, ya samu nama. Yana dariya ya ce ta sake dubawa, ta dubi gefen hagu daga sama.

Ta duba. "Gajimare ne."

Dariyar ta tsaya. Facin da ta ɗinka da hannunta ne, da mayafinta, ta wanke shi ya fi sau ɗari. Baba ya karɓi hoton ya ajiye. Ya kama kafaɗarta ya kai ta bakin taga inda haske yake, ya ɗago haɓarta yadda yake yi wa masu hoton fasfo.

"Tsaya cak," ya ce, a hankali.

Ya ɗaga hannunsa ta gefen fuskarta yana kaɗa yatsu. Idonta bai bi ba. Ya koma ɗaya gefen, nan ma haka.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Na jira faɗa, na jira maganar likita da asibiti bakwai. Sai kawai ya tattara hotunan huɗu ya shige ɗaki.

Ranar Litinin shi ya riga ma'aikata zuwa ofishin kamfanin, ni ina biye. Ya ce ba ya son hoton talla, a nuna masa waɗanda baƙi suka ɗauka da wayoyinsu. Ya yi ta wucewa har ya tsaya a kan wani mummunan hoto: teku a karkace, ɗan yatsa a kusurwa, bokitin roba a yashe, ga ciyawar ruwa ta taru a gaɓa. Ya ce wanda ya ɗauki wannan bai iya ƙarya ba. Ashe tsibirin tagwayen kwakwa ne. Sannan ya yi tambaya ɗaya da babu wanda ya yi tunaninta a cikinmu: ina bakin tekun yake fuskanta? Aka duba taswira aka ce yamma. Ya ce shi ke nan, a yanki tikiti. A hanya ya bayyana mini cewa da safe rana za ta kasance a bayan mai kallo, ruwan ba zai kashe ido ba, launinsa zai fito sosai. Ya ce shekara talatin da huɗu bai taɓa barin haske ya daki idon wanda ya zo wajensa ba.

Washegarin isarmu, da sanyin safiya, ya riƙo hannunta suka gangara. Jikoki sun riga sun ruga cikin ruwa, iyayensu na bin su da tawul. Na tsaya 'yan taku a bayansu. Ruwa ya zo ya taɓa ƙafar Mama, ta ɗan zabura, ta yi dariya. Ta ce tana ganin shuɗi iri biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da layi a tsakaninsu. Ta ce ba ta san yana da ƙara haka ba.

Sai ta tambaya, "Akwai ɗan kwalekwalen can nesa?"

Babu komai a kan ruwan. Na dubi Baba ina roƙonsa da ido ya ce akwai, me zai rage masa? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙara wa mutane abin da ba su da shi. Ya kare goshinsa da tafin hannu, ya bi tekun da kallo daga wannan gefe zuwa wancan.

"Babu," ya ce.

Mama ta gyaɗa kai, ta ƙara riƙe hannunsa.

"Da ka ce akwai, da na san ka taɓa shi."

Kyamarar tana rataye a wuyansa, da murfinta a rufe. Haka suka tsaya har rana ta ɗago, bai ɗaga ta ba.