Allin Mista Tulloch

Duk wanda ya yi dako a tashar jirgin ruwan garinmu, nan Ostireliya, ya san Ambrose Tulloch na kwastan. Dogo ne, kullum da guntun alli a bayan kunne. A wancan zamani akwati ba ya fita sai ya ja masa alama da allin nan. Mutum ne mai gaskiya, sai dai tsoron kuskure ya yi masa yawa.

Wata bazara aka sauke wani ƙaramin akwati mai huji-huji, yana ta ƙugi. Sarauniyoyin ƙudan zuma ne daga Italiya, na Honora Quilty, wadda mijinta ya rasu ya bar mata amya arba'in da cuta ta cinye. Ambrose ya duba littafin kuɗin fito, bai ga inda aka sa ƙudan zuma ba. Dabba ce ko haja? Sai ya rubuta wa manya takarda, ya zauna jiran amsa.

"Mista Tulloch, masu rai ne fa," in ji Honora. "Ja allin nan, ka ji tausayina."

"Ki yi haƙuri, Misis Quilty, gobe."

Goben nan sai da ta kai kwana tara. Ran na goma akwatin ya yi tsit.

Honora ta nufi kai ƙarar gwamnati, lauya ya ce kada ta wahalar da kanta. Babbar kotu ba ta daɗe da yanke hukunci ba, cewa abin da doka ta bar wa ma'aikaci ya yanke da hankalinsa, alhakinsa ba ya kan gwamnati. Honora ta dawo, ta sami Ambrose bakin sito.

"An ce ba gwamnati ba ce. To, saura kai."

Tun daga ranar ƙugin ya tare a kunnensa. Yana cin abinci yana ji, yana coci yana ji. 'Yan dako in sun gan shi sai su ce, "Sarkin zuma, yau me suka ce?"

Da ya yi ritaya, ya koyi kiwon zuma. Ya zuba sarauniyoyi a tsohon akwatin nan da ya adana, ya ja masa alli, ya ɗauka har gonarta. Ya tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa ta haɗiye amyoyin. Maƙwabci ya ce ai ta sayar ta tafi tuntuni, ba wanda ya san inda take.

Ambrose ya ajiye akwatin bakin ƙofa ya juya. Har ya iso gida bai daina jin su ba.