Lallaɓa da nakiyar da ke jiran ƙarfe

Kafin ya fita aiki, Lallaɓa yakan tsaya a bakin ƙofa ya lalube jikinsa kamar wanda ya ɓatar da wani abu. Agogo, makulli, waya, duk sai ya zube su a wani tsohon kwano. Wandonsa ma na mazagi ne, don bel yana da kan ƙarfe. Matarsa ta daɗe da daina tsokanarsa, ni maƙwabcinsa ne dai ban daina ba. A makon nan ya ajiye aikin cire nakiya, gwiwoyi sun gaji da durƙuso, kuma ban ga ya dace ya shige gida shiru ba.

Na taɓa tambayarsa me ya haɗa shi gaba da ƙarfe. Ya ce ba duk nakiyar da yaƙi ya bar mana ce ke jiran a taka ta ba. Akwai wadda aka yi don tankar yaƙi, soja ɗaya zai ɗauko ta a hannu ya ajiye a gefen hanya, ya rufe da ciyawa. Tana da na'urar da ke jin ƙarar inji da jijjigar ƙasa, su ke farkar da ita. Idan kuma ta ji babban ƙarfe ya zo daidai da ita, sai ta tashi.

"Mutum zai wuce, jaki zai wuce, ba ruwanta," in ji shi. "Amma ba ta san bambancin tanka da tarakta ba. Wataƙila makullina bai isa ya tashe ta ba, sai dai ban ga dalilin gwada ta ba."

Shekarar da muka dawo gida bayan yaƙi, ruwa ya sauka ba a gama duba hanyar gonaki ba. Mutane suna ta binta da ƙafa, kowa ya ce lafiya lau take. Ƙanin Lallaɓa, uwa ɗaya uba ɗaya, direban tarakta ne. Wata safiya ya tayar da inji ya nufi hanyar, sai ya tarar da Lallaɓa zaune a ƙasa a tsakiyarta.

"Yaya, tashi. Mata da yara kullum suna bin nan."

"Da ƙafa suke bi. Kashe injin."

"In damina ta wuce ni, kai za ka ciyar da iyalina?"

"In ka wuce ni yau, dole ni zan ciyar da su."

Akasarin waɗanda suka taru sun goyi bayan ƙanin, har ana cewa tsoro ne ya yi wa Lallaɓa yawa. Bai tashi ba sai da injin ya yi shiru. Daga nan shi da abokan aikinsa suka bi hanyar a durƙushe, makonni. A ƙarƙashin wata ƙaya kusa da kwalbati suka sami nakiyar, ta fuskanci hanya, batirinta da sauran rai. Suka fasa ta daga nesa. Amma lokacin shuka ya riga ya wuce, kuma ƙanin ya daina gaishe shi har bayan kaka.

Lallaɓa, kai ne ka yarda ɗan'uwanka ya ƙi ka da rai, a kan ya so ka yana kabari. Kai ne ka riƙa aika hatsi gidansa ta hannun matarka, ba ka taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba. Wannan ya fi ba ni tausayi a kan duk nakiyoyin da ka tone. Mun gode, Lallaɓa, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi jure fushin mutanen da kuke tsarewa, don ya fi durƙuso wuya.

Jiya na ce wa ƙanin ya ba ni abin da zan rubuta a madadinsa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Har yau ban ba shi haƙuri ba," ya ce. "Kullum in na zo kwalbatin nan sai in ce yau zan je wurinsa. Rubuta ka ce yarana suna da uba, zai gane."