Tudun da Yaya Hamisu ya ce ba komai a cikinsa

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Hamisu. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa, gida ɗaya muka tashi a unguwar Birik, bayan layin teloli. Duk danginmu 'yan kasuwa ne da maɗinka. Shi kaɗai ya karanci ilmin duwatsu, har ya samu aiki a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na binciken ma'adinai.

Ya sha bayyana mini aikinsa ina yi masa dariya. Ya ce lu'ulu'u, wanda muke kira diyaman, ba a rafi yake samuwa ba tun asali. Wani irin dutse ne na aman wuta ke tunkuɗo shi daga can ƙarƙashin ƙasa, daga baya ruwa ya wanke shi zuwa rafuka. A cikin irin wannan dutse akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu sheƙi da ba su kai gero ba, ana ce musu zirkon. Yuraniyam ɗin da ke cikinsu yana komawa dalma sannu a hankali, bisa ƙa'ida, don haka in an auna sai a san shekarun dutsen. In sun yi daidai da na duwatsun da aka san suna ɗauke da lu'ulu'u, a ci gaba da bincike. In ba su yi ba, a nemi wani wurin.

Sai lakiris ta zo, wato matsin tattalin arziki. Aka zaftare albashi, aka karya darajar kuɗinmu na sefa, labo ya koma ba kayan aiki. Samarin unguwa suka fara bin motocin katako zuwa gabas neman dutse mai daraja. A lokacin ne labari ya bazu wai Hamisu ya gano uwar lu'ulu'u. Abin da ya faru kawai, ya fasa guntun dutse daga wani tudu a dajin gabas, ya aika da shi ƙasar waje ta hannun tsohon malaminsa, yana jiran sakamako.

Wani dillalin duwatsu daga unguwar Messa, Alhaji Buba, ya fara zuwa gidanmu. Ba ya ɗaga murya. Zama yake a benci, ya gaida Inna da ladabi, ya tambayi sunan 'ya'yan Hamisu da makarantar da suke. Da sakamakon ya iso, ina tsakar gida na ji su.

"Alhaji, wallahi ba komai a tudun nan. Shekarunsa ba su dace ba, dutsen ma ba irin wanda ake nema ba ne."

"To, Injiniya. Wato kun gama magana da Turawa ke nan."

Daga ranar gaisuwa ta canza a layinmu. Mutanen da aka yi makarantar allo da su suka riƙa cewa ya ɓoye arziki alhali unguwa na yunwa. Wasu maza biyu suka mayar da teburin mai tsire da ke kallon ƙofarmu wurin zamansu. Wata Juma'a, maza na masallaci, aka ɓalle ɗakinsa, ba a ɗauki komai ba sai duwatsu.

A ƙarshe ya ce zai kai su su gani da idonsu. Inna ta riƙe hannun rigarsa tana cewa damina ce, ya bari ruwa ya ɗauke. Ya ce, "Inna, in ban kai su ba, ba za su tashi daga ƙofar nan ba."

Waɗanda suka dawo sun ce ya shiga ramin da suka haƙa don ya nuna musu bangon ya tsage, bangon ya rufto masa tare da mahaƙa biyu. Can aka binne shi. Abin da aka faɗa mana ke nan, ba mu da wanda za mu tambaya.

Yanzu an ce awon da ya jira wata da watanni, na'ura na yin sa nan da nan. Na san da ya yi murna da wannan. Amma ban san me zai ce ba game da ramukan da katafila ke bari cike da ruwa a gabas, da samarin Birik da har yau ke tafiya ba sallama. Ya ɗauka in an auna, aka faɗi gaskiya, magana ta ƙare.

Abin da ya rage mana nasa, mutum ne da aka matsa wa ya ce akwai, ya ƙi, ko da yake faɗin hakan zai sama masa sauƙi. Abin da ya rage wa unguwa kuwa daban ne. Makon jiya wani matashi ya yi sallama a gidana a unguwar Tsinga, ya ce shi jikan Alhaji Buba ne. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Hajiya, marigayi bai taɓa gaya miki ainihin wurin ba?"

Na ce masa ba komai a tudun. Ya yi murmushi, ya ce ba damuwa, zai sake leƙowa.