Sahu Biyu a Jana'izar Malam Badaruddeen

Da hantsin Talata, 12 ga Agusta 2025, Allah ya karɓi ran Malam Badaruddeen Ja'afaru a gidansa da ke ƙauyenmu, yankin Masanawa, bayan jinyar wata biyar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu. Ni Zailani, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba mu, nake rubuta wannan, ba don na cancanta ba.

Malam, shekara talatin ka yi kana aikin safiyo, awon filaye, kafin ka dawo gida. Duk rikicin iyakar gona daga nan har Kutama kai ake kira, ka zo da igiyar awonka, ko goro ba ka karɓa. Da mahaifina ya rasu dangi suka yi kamar sun manta inda gonarmu ta tsaya, kai ka taka ta da ƙafarka a gabansu, ba wanda ya ƙara tankawa.

Shekara huɗu da suka wuce wani kamfani ya shimfiɗa farantan sola a wajen Getso, aka tsara layin da zai kwashi wutar zuwa birni. Suka kawo taswira ƙofar mai unguwa, kai kaɗai ka iya karanta ta. Ka ga layin ya ratsa maƙabarta, turaku uku za su zauna kan kaburbura. Ka yi ta zirga-zirga tsakanin Kabo da Kano a tsohon babur ɗinka har suka yarda su karkata shi gabas. Gabas kuwa gonaki ne, taka da tawa da na mutum tara. Ka bi mu gida gida kana lallashi. An ce maka za a sauke mana taransifoma, kai ma ka gaya mana haka.

Aka sare ɗorawa da gawo, aka kafa turaku, aka ja waya. Wuta ta wuce ta kanmu. Da muka tambaya, aka ce irin wannan layin ba ya sauka ƙauye. Kamfani ya yi mana nisa, kai kuwa kana kusa.

Muka daina amsa gaisuwarka. Muka laƙaba maka suna Mai Taransifoma. In ka tsaya a sahu, na kusa da kai ya matsa. Ka ce da ta maƙabarta layin zai bi, muka ce ƙarya ka shirya don ka wanke kanka. Mangwaro goma sha biyu da ka dasa aka sassare da rana tsaka, kowa ya rantse bai gani ba. Ranar bikin 'yarka Kamila, tuwon da aka tuƙa sai kaji aka zuba wa.

Nawa laifin ya fi na kowa. Da ciwo ya kayar da kai, matarka Uwaliya ta fito neman wanda zai taya ta ɗaukarka zuwa mota. Muna zaune a inuwa mu shida. Na ce, "Ki ce ya kira masu waya su ɗauke shi." Aka yi dariya. Katangarmu gajera ce, ka ji. Ita da direba suka ciccibe ka. Da aka dawo da kai daga asibiti ka aiko min da igiyar nan, ka ce damina na tafe, za a yi rikicin iyaka, kada a rasa abin awo. Na karɓa, ban shigo ba.

Sahu biyu muka yi a kanka, na biyun ma bai cika ba. Ranar uku mijin Kamila, Lukuman, ya ɗauko taswirar farko daga akwatinka ya shimfiɗa a gaban mutane, ya bi jan layin da yatsa har kan kaburburan iyayenmu. Na zaci za a sunkuyar da kai. Wani dattijo ya dube ta, ya ce, "To, matattu ne ke cin gero?" Ya kaɗe rigarsa ya tafi, wasu suka bi shi.

Na shiga wajen Uwaliya na durƙusa. Na ce, "Yaya, ki yafe min."

Ta ce, "Wata biyar yana kwance a bayan katangarka, Zailani. Me ya hana ka a lokacin?"



Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata kabarinka, ya sa jinyarka ta zama kaffara, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya Uwaliya, da Kamila da mijinta, ko da ba za su karɓa daga bakina ba. Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka rage, Allah kada ya kama mu da hakkinka kafin mu tuba.