Bulon da ya yi saura

Shekarun baya, ƙarfen da ke riƙe da injin motona, wato babur ɗina, ya tsage, aikin duwatsun hanyar Dabaga. Mai liƙin ƙarfe ya ce ba zai sa wuta ba sai an sauke injin. A makon ne kuma aka aiko cewa kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke aikin garka, wato lambu, a Dabaga, yana kwance, amma da sauƙi. Mahaifiyata ta ce idan moton ya tashi in kai ta ta duba shi. Motar kasuwa tana sa ta amai, kuma ba ta hawa bayan wani in ba ni ba.

Ni mutum ne mai wasiwasi. Nakan rufe ƙofa, in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. Don haka na ƙi kai moton garaji, inda na sha ganin ana zubar da bulo, wato kusoshin ɗaure inji, a yashi. Na ce a gida zan yi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na tsiyaye baƙin mai, na cire sarƙa da bututun hayaƙi da wayoyi. Duk bulon da na kwance sai in ajiye shi kusa da wanda ya riga shi, a jere, yadda in na zo mayarwa zan fara daga ƙarshe. Abokina mai kabu-kabu ya kama mini muka sauke injin.

"Kai sahun salla kake jerawa ko gyaran moto?" in ji shi.

Muka tura gangar jikin zuwa wurin mai liƙi. Da na dawo, ba tabarma, ba jeri. Baƙi ne suka zo, mahaifiyata ta buƙaci tabarmar. Ta tattara bulolin, ta goge su tas, ta zuba a cikin kwanon sha, har da rufewa da faifai.

"Na adana maka su, kada awaki su watsar," ta ce.

Na ce, "Na gode, Inna."

Washegari muka ɗora injin. Na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ina gwada kowane bulo har ya sami gidansa. Na ɗaure komai, na zuba mai, na buga, ya tashi lafiya lau. Ina cikin hamdala na leƙa kwanon, sai ga bulo guda a ƙasa, dogo, ya ɗan yi baƙi.

Abokina ya ce, "Jefar da shi! Ba makanisiyan da bai taɓa yin saura ba. Ni nawa rabinsa waya ce ke riƙe da shi, kuma har Ingal nake zuwa."

Ni kuwa ba abin da nake gani sai injin ya saki a gangaren wani kwari, Inna tana bayana. Na sake sauke shi. Na leƙa kowane rami, na shafa da yatsa, ban ga inda babu bulo ba. Na mayar, ga saura nan dai. Abokina ya ce shi ya gaji, kafaɗarsa ba ta haya ba ce. Kashegari na tallafe injin da turmi, na sake saukewa ni kaɗai.

Duk wannan ban gaya wa Inna komai ba. Ina tsoron kada ta ji kamar ina cewa ita ta rikita mini aiki. Ita ma ba ta tambaye ni ba, don kada in ji tana matsa mini. Sai dai kullum da safe nakan ga ƙunshin kayanta a bakin ƙofar ɗaki, da dabino da sukari da ganyen shayi na kawu. In rana ta yi sai ta mayar ciki.

Rannan ta kawo mini fura, ta tarar ina juya bulon a tafin hannu.

"Ashe ba ka buƙace shi ba," ta ce.

"Wanne, Inna?"

"Na hannunka mana. Na tsohon moton babanka ne, tun rasuwarsa yana cikin gwangwanin allurata. Na san halinka. Na ce in ɗaya ya shige yashi ba za ka yi barci ba, shi ya sa na ƙara maka."

Na zauna daɓas a kan yashi. Da na gaya mata abin da ya tsayar da mu, ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan! Bakinka ciwo yake yi?"

Ranar ba a yi la'asar ba sai da injin ya koma mazauninsa. Da sassafe muka kama hanya.

Sauƙin da aka ce, irin wanda ake faɗa ne don kada hankali ya tashi. Mun tarar da kawu ya rame ƙwarai, an kwantar da shi a inuwar rumfa, amma yana gane mutane. Ya riƙe hannun Inna ya ce, "Yaya, na ɗauka sai an aiko miki da ɗaya saƙon." Da ta ba shi labarin bulon, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta kwana tana yi masa fifita. Bai ga Juma'ar da ta biyo ba.

Har yau ina tunawa. Da na sake sauke injin nan sau ɗaya, da gaisuwar mutuwa za mu je. Kuma ba sakaci ne ya kusa jawo haka ba. Ni ina tattalinta, ita tana tattalina, kowa ya yi shiru don ɗan'uwansa, lokaci kuwa yana ta wucewa.

Wasiwasin bai bar ni ba, har yanzu ina komawa in taɓa kwaɗo. Amma na koyi buɗe baki in yi tambaya kafin in ɗauki kilen kwance bulo. Bulon yana nan ɗaure da makullin motona. Ba abin da yake riƙewa a jikin inji, amma ban taɓa hawa ba tare da shi ba.